Wace kalma za mu sa wa "fidbak"? Jita da lasifikar coci

Mai miksa: Salama 'yan'uwa. Ana shirya wa matasan da ke koyon zama a kan miksa, na'urar haɗa sautuka, 'yar takardar aiki da Hausa, sai kalmar fidbak ta gagara. Wasu sun ce a rubuta amsa-kuwwa. Jitar katako mai fikof, wato 'yar na'urar da ke ɗaukar sautinta, ce ta fi jawo matsalar. Me kuka gani?

Makaɗin jita: Amsa-kuwwa ba ta yi ba, Malam. Ita sauti ne ya bugi bango ya dawo, ya mutu da kansa. Coci mai rufin kwano da daɓen tayil cike yake da ita ko an ɗauke wuta. Fidbak kuwa sai da lasifika: sauti ya fito ya girgiza fuskar jitar, fikof ya ɗauka ya mayar wa miksa, a sake ƙara masa ƙarfi, haka zai yi ta hauhawa har sai an yanke shi. In aka haɗa su suna ɗaya, yaro zai tafi neman labulen da zai rataya a bango alhali gyaran yana gabansa. Ni "zagayen sauti" nake gani.

Mai gyaran amfilifaya: Zagayen sauti ya faɗi dalili, amma ana tsakiyar waƙa wa zai tsaya faɗinsa? Mutane "lasifika na ihu" suke cewa. Sai dai na jita ba ihu ba ne. Ihu na makirufo ne, siririyar ƙara mai huda kunne. Na jita ƙugi ne daga ƙasa, domin iskar da ke cikin akwatinta tana amsawa wajen 100 Hz (Hz ma'aunin saurin girgizar sauti ne, ƙaramin adadi sauti mai kauri), katakon fuska kuma wajen 200 Hz. A bambanta su, don wanda ya ji "ihu" siririn sautin sama zai rage a miksa, jitar ta dushe, ƙugin kuma yana nan daram.

Makaɗin jita: Na yarda da ƙugi. A rubuta maganinsa kusa da shi. Da fari a toshe ramin jitar da murfin roba, shi ne mafi arha. Lasifikar ƙasa da makaɗi ke jin kansa da ita kada ta kalli ramin, a kawar da ita gefe, a rage ta. In jitar na da maɓallin fez, mai juya girgizar sautin, a danna, sau da yawa nan take ƙugin ke kwanciya, amma makaɗi na sauya wurin tsayuwa yana iya dawowa. In tana da noc, wato maɓallin da ke rage ɗan siririn yanki ɗaya na sauti, a ɗaga sauti sannu a hankali har ƙugin ya soma, sai a murɗa shi har ya ɓace. A miksa a yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz, tunda tsirkiya mafi kauri wajen 82 Hz take. In akwai mai kaɗa bes, a kai yankan 120 Hz ma ba laifi.

Mai gyaran amfilifaya: Akwai ƙara ta uku da yara ke kira fidbak alhali ba shi ba ne: gurnanin wuta, wanda ba ya hawa ba ya sauka, daga 50 Hz na lantarkinmu. Gwajin ba wuya. Dafa tsirkiyoyi da fuskar jitar da tafin hannu. In ƙarar ta tsaya, ƙugi ne. In ta ci gaba, a duba waya, a danna giran-lif, maɓallin kashe gurnani, na akwatin DI da ke tsakanin jita da miksa.

Mai miksa: To shi DI ɗin fa, a nema masa suna?

Makaɗin jita: A bar shi DI, haka aka rubuta a jikinsa, haka za a tambaya a kasuwa. Aikinsa za a bayyana. Fikof na fizo, mai ɗaukar girgizar jitar, in ba shi da batir yana son mashiga mai wajen megom 1 (megom ma'aunin turjiyar lantarki ne), irin wadda DI ke ba shi. In aka soka shi kai tsaye a miksa, sautin sai ya fito siriri, ƙwas-ƙwas. Wayar jita kada ta wuce mita 5 ko 6 zuwa DI, daga nan wayar XLR, irin ta makirufo, ta kai miksa ko da akwai nisa. Fikof mai batir kuma a duba batirinsa na 9V kafin sujada, in ya yi sanyi sauti na tsagewa, a ɗora wa lasifika laifi.

Mai miksa: Madalla. Kan babin zai zama "zagayen sauti", ƙarƙashinsa ihu da ƙugi. Gurnanin wuta zai koma babin wayoyi tare da DI.