Ruwan bohol na buƙatar gwaji ko ƙasa ta riga ta tace shi?

Sakataren unguwa: Salam jama'a. Jiya bayan isha'i an kawo shawara a tara kuɗi a ɗebi ruwan bohol ukun nan da 'yan garuwa ke cika jarkoki, a kai lab a gwada, sakamakon a manna a ƙofar masallaci kowa ya gani. Wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce tunda ruwan daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ƙasa ta riga ta tace shi. To ga fili ga mai doki.

Alhaji mai yadi: Ni na faɗa kuma ina kan bakata. Shekara nawa muna shan ruwan nan, garau yake ba wari ba ɗanɗano, me za a gwada? Da rijiya aka ce wadda take buɗe guga na faɗawa da ƙasa sai in yarda, amma bohol?

Maman Hanif: Alhaji kai babba ne, ka yi haƙuri zan ɗan yi magana. Daminar bara yarona kwana huɗu muka yi a asibiti, amai da gudawa, leda biyar ta ƙarin ruwa aka sa masa, idonsa ya faɗa ciki har in na ja fatar cikinsa ba ta komawa da wuri, wlh na fidda rai. Da muka dawo na sa ƙanina ya bi mai garuwarmu har inda yake ɗiba, ya hau ya buɗe tankin, gansakuka kore shar ga mushen ƙadangare a ciki, kuma tsakanin bohol ɗin da sokawen gidan taku shida ya ƙirga. Ruwan da ake kawo mana kuwa fari tas.

Alhaji mai yadi: Allah ya ƙara masa lafiya 'yata. Amma wannan ai laifin tanki ne ba na ƙasa ba.

Injiniya: Ranka ya daɗe duka biyun ne. Ƙasa na tacewa gsky, amma sai ruwan ya yi tafiya mai nisa a cikinta, shi ya sa ake cewa a bar kamar mita 30 tsakanin salga da inda ake ɗibar ruwan sha. Yanzu a cikin Kano a fuloti ɗaya za ka ga salga ga sokawe ga bohol, na maƙwabci ma yana jikin katanga, in kuma masu haƙa ba su dafe bakin ramin da siminti sosai ba ruwan kwata ta gefen bututun zai gangara kai tsaye. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da hukumar kula da ingancin kayayyaki SON ta fitar a 2007 da ta Hukumar Lafiya ta Duniya WHO abu ɗaya suka ce, kada a samu ƙwayar E. coli, wadda ake samu a bayan gida, ko ɗaya a mililita 100, kuma ido ba ya ganinta. A Landan a 1854 akwai famfon tuƙa-tuƙa a titin Broad da mutane ke yabon daɗin ruwansa, kwalara ta kashe sama da mutum 600 a unguwar, likita John Snow ya bi gidajen mamatan ya gano daga famfon suke sha aka cire hannunsa, daga baya aka ga rijiyar dab take da wata tsohuwar salga.

Ɗan Sharaɗa: Ni ban ƙi gwaji ba, amma me ya sa mu za mu biya? Ina duba-gari? Da can har randa suke leƙawa. NAFDAC ruwan leda da na gora take yi wa rajista, wanda mai garuwa ke turowa a kura wa ke dubawa? A tilasta wa gwamnati ta kawo ruwan Tamburawa da Challawa kowane layi a huta, komai sai talaka ya yi wa kansa haba.

Injiniya: A tilasta ɗin, ina tare da kai. Amma ko na famfon, a matata ake tace shi a sa kulorin, kafin ya iso gidanka fa? Bututu da yawa ta cikin kwata suka bi, in aka ɗauke ruwa bututun ya zama wayam sai ya zuƙo ƙazanta ta inda ya tsage. Gwajin bakin famfon gida daban yake da na matata. Kai da kake kusa da kamfanonin jima ma sai ka nemi a duba maka har da kuromiyam, sinadarin da ake jima fata da shi, tafasawa ba ta fidda shi.

Malamar sayans: Ɗan'uwa ko a Amurka jira bai yi ba. Garin Flint a 2014 aka mayar da su shan ruwan kogi, ruwan ya dinga cin tsofaffin bututu dalma na zuba, hukuma na cewa lafiya ƙalau. Mutanen gari ne suka ɗebi ruwan gidajensu suka aika jami'ar Virginia Tech a 2015, wata likitar yara kuma ta nuna dalma ta ƙaru a jinin yara, sannan aka saurare su. In ba takarda a hannunka da me za ka je ƙaramar hukuma? A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, Kano na cikin jihohin da ta fi taɓawa, mun gani da idonmu.

Alhaji mai yadi: To ku ji abin da ke damuna na gaskiya. Ɗaya daga bohol ɗin nan sadaka ce, bawan Allah ya haƙa wa mahaifiyarsa da ta rasu. Ku manna takarda a masallaci cewa ruwansa da kashi, gobe ya sa kwaɗo ya rufe, jarka ta ninka kuɗi, marayun layin baya su koma kududdufi. Wa ya ci riba?

Maman Hanif: Wannan kam gaskiya ce Alhaji, ban yi tunaninta ba. Amma a ɓoye mana muna ba jarirai?

Malamar sayans: Ba sai an tona asirin kowa ba. A fara samun masu bohol ɗin da mai unguwa, da su za a ɗebi ruwan, in an samu matsala a cikin kuɗin da aka tara a wanke tanki a sa kulorin a gyara bakin ramin, a sake gwadawa. Kuma a haɗa da jarkokin 'yan garuwa, ku leƙa cikinsu ku ga yauƙi. Sau ɗaya ma ba ya isa, na rani daban na damina daban.

Ɗan Sharaɗa: Zan bayar, da sharaɗin kwafi ɗaya a kai wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma su sa hannu sun karɓa.

Injiniya: Sakatare kar a ɗiba a gorar lemo, lab ɗin za su ba da kwalbarsu da aka kashe ƙwayoyin cikinta, a sa ta a cikin kula mai ƙanƙara a kai cikin awa shida.

Alhaji mai yadi: Mai bohol ɗin sadaka ku bar ni da shi, ni zan same shi bayan la'asar. Batun mannawa a masallaci dai har yanzu ban yarda ba.