Shawarwarin tsofaffin 'yan kallon rawar bale

Wasu da suka daɗe suna zuwa kallon rawar bale (rawar Turawa da ake ba da labari da motsin jiki da kiɗa) a gidan wasa na Royal Opera House da ke Landan sun tattauna kan abin da ya kamata sabon shiga ya sani. Ga abin da na tsinta.

Abin da suka fi nanatawa shi ne a duba sunayen masu rawa kafin a sayi tikiti. Ƙungiyar Royal Ballet, wadda ke rawa a gidan, takan sauya masu fitowa daga dare zuwa dare, shi ya sa mai son abin yakan kalli wasa guda sau uku ko huɗu. A wasan Swan Lake, wanda aka fara nunawa a gidan wasa na Bolshoi da ke Mosko a 1877, yawanci mace ɗaya ce ke fitowa a matsayin Odette, jarumar labarin, da kuma Odile, mai yaudarar da ke kama da ita. Wata ta fi iya taushin Odette, wata kuwa sai an zo juyi 32 da Odile ke yi a jere a kan ƙafa ɗaya take nuna gwanintarta. Wani dattijo ya ce masu ƙirga juyin da baki suna ɓata masa rai. Ni ma ina bayansa.

Kan wurin zama an yi saɓani. Kujerun can sama sun fi araha, kuma daga nan ake ganin tsarin sahun masu rawa sosai, sai dai fuska ba ta fitowa sai da ƙaramin madubin hangen nesa. Na ƙasa kusa da makaɗa har gumi suke gani, amma ƙafafu kan ɓoye musu.

A zo da wuri, don wanda ya makara yakan jira hutun tsakiyar wasa kafin a bar shi ya shiga. Waya kuma a kashe ta.