Ciwon ɓarin kai: in bari a murɗa mini wuya?

Tela daga Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na daɗe ina fama da ciwon ɓarin kai. In ya tashi, gefen dama ne ke sara, ga tashin zuciya, ko hasken waya ba na iya kallo sai na kashe fitila na kwanta. Kafin ya zo wuyana kan sanƙare, musamman in na wuni a kan keken ɗinki. Maƙwabciyata ta ce akwai mai tausa da ke murɗa wuya ya yi ƙas, wai shi ke nan an rabu. In je? Panadol ya daina yi mini aiki.

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni tausa tana yi mini amfani, amma ta kafaɗa da ƙeya, a hankali da man zafi. Ba ta raba ni da shi ba, ya dai rage zuwa.

Nas daga Idi-Araba: 'Yar uwa, tausa daban, fizgar wuya daban. Akwai jijiyoyin jini da suka ratsa ƙasusuwan wuya suka hau ƙwaƙwalwa, kuma fizga da ƙarfi na iya tsaga su. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru yana iya kaiwa ga shanyewar ɓarin jiki. Shi ciwon nan daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, yakan ɗauki awa 4 zuwa 72, kuma sau da yawa sanƙarewar wuyan alamarsa ce ba sanadinsa ba. Ki ga likita tukuna. In ya ga wuyan na da hannu, zai tura ki sashen gashin ƙashi, akwai a LUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Legas, da asibitin ƙashi na Igbobi. Su za su sassauta miki tsokar wuya, su koya miki motsa jiki da gyara zama a kan keke. Wasu suna samun sauƙi, amma ba ya maye gurbin magani. Panadol ɗin sau nawa kike sha?

Tela daga Agege: Anti Nas, kusan kullum, balle lokacin ɗinkin sallah.

Hajiya daga Mile 12: Yarinya, a yi miki ƙaho a ƙeya mana. Kuma ku teloli ba kwa barci, ba kwa cin abinci a kan kari.

Nas daga Idi-Araba: Hajiya, maganar barci da abinci gaskiya ce, suna tayar da shi. Ƙaho dai ta dakata. 'Yar uwa, shan Panadol kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana jawo ciwon kai. Ki gaya wa likita, akwai magungunan da ke hana shi tashi, irin su propranolol, amma shi zai rubuta. In kuma ciwon ya sauko farat ɗaya da tsananin da ba ki saba ba, ko hannu ya mutu, ko baki ya karkace, asibiti nan take.

Tela daga Agege: Na gode. Ikeja ta fi mini kusa, LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas da ke can, za ta yi?

Nas daga Idi-Araba: Za ta yi. Ki tafi da kwalin magungunan da kike sha, ki kuma rubuta ranakun da ciwon ya tashi.