Wai Tekun Kudu hamada ne?

Baban Sadik: Assalamu alaikum. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka ɗaure wa masu bincike hannu tun 2008, lokacin da ƙasashen yarjejeniyar Landan kan zubar da shara a teku da taron Bonn kan kare halittu suka tsaurara sharuɗɗan zuba ƙarfe a teku, wanda ake yi don ƙananan tsirran ruwa su yawaita su shanye iskar kabon. Tun gwajin zuba ƙarfe mai suna LOHAFEX na 2009 ba a sake wani babban gwaji a Tekun Kudu ba. Alhali tekun nan da ya kewaye Antaktika hamada ne. Naitiret, wato takin da tsirrai ke ci, a saman ruwansa ya kai mikromol 25 a lita, fosfet, wani takin, ma ga shi a wadace, amma ƙananan tsirran teku, wato filankton, sun kasa cinye su, don narkakken ƙarfe bai wuce nanomol 0.1 zuwa 0.2 a lita ba (nanomol 1,000 ne mikromol ɗaya). Ku auna ruwa mai tsawon kilomita ɗaya, faɗin kilomita ɗaya, zurfin kilomita ɗaya: ƙarfen da ke narke a ciki kilo 6 ne zuwa 11. Masanin teku John Martin ya nuna haka tun 1990. Ga cuta, ga magani, an hana a gwada. Wannan zalunci ne ga ilimi.

Maman Nana: Wa alaikumus salam. Baban Sadik, ka janye kalmar hamada. Tekun da ke ɗauke da kiril, ƙananan jatan landen nan da nauyinsu ya kai ɗaruruwan miliyoyin tan, wanda ke ciyar da kifin wel da fenguwin, shi ne hamada? Hamada wuri ne da babu abinci. Nan abinci ya yi yawa har ya rage.

Baban Sadik: Malama, kulorofil nake nufi, koren sinadarin tsirrai da ake auna yawan filankton da shi. A tsakiyar tekun miligiram 0.2 zuwa 0.3 ne a kowace lita 1,000 ta ruwa, ko da tsakiyar bazararsu.

Mai Awo: To ai a nan ka yi kuskure, ƙanena. In kulorofil ne ma'auni, hamadar teku ta gaskiya tana tsakiyar Fasifik ta kudu, wajen tsibirin Ista, inda naitiret ɗin kansa ya ƙare, ruwan ya yi garau. Tekun Kudu tukunyar miya ce da aka zuba wa nama da mai da kayan ƙanshi, aka manta gishiri. Ba a ce wa wannan tukunya wayam.

Ɗan Damagaram: Ni kuma kalmar ta ɓata mini rai ta wata fuska. Hamada ita ce uwar ƙarfen teku. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi, wadda ke rufe mana sama daga Disamba zuwa Fabrairu, ita ce ke faɗawa Atilantika ta ciyar da shi. A daina kiran sunan hamada a wurin rashi.

Mai Awo: Gaskiya ne, amma ƙurar Bodele yamma take yi, tana sauka a Atilantika ta yankin zafi, har ta kai Amazon. Ruwan saman da ke zuba a kusa da layin ikwaita yana wanke ta kafin ta yi kudu. Ƙurar da Tekun Kudu ke samu daga Patagoniya take, sai Ostareliya da kudancin Afirka, kuma kaɗan ce ƙwarai. Ko ta sauka, abin da ke narkewa daga ƙarfen ƙurar ƙasa yawanci kashi 1 ne ko 2 cikin 100.

Ɗan Damagaram: Kaɗan yau. A zamanin ƙanƙara fa? Ƙanƙarar da aka haƙo a Vostok da Dome C na Antaktika ta nuna ƙura ta ninka ta yanzu sau 20 ko fiye, iskar kabon kuma ta sauka zuwa kusan 180 cikin miliyan, maimakon 280 na lokutan ɗumi.

Mai Awo: Daga cikin wannan tazara ta 100, abin da masu lissafi ke ba ƙarfe bai wuce 40 ba, wasu ma ƙasa da haka suke ba shi. Sauran daga yadda ruwan can zurfin teku ke juyawa ne da rufin ƙanƙara.

Maman Nana: Kun ga halin masu sinadarai. Duk maganar ƙura suke, kamar babu mai rai a ruwan. Mafi yawan ƙarfen da filankton ke ci a bazara ba sabo ba ne, wanda aka ci aka mayar ne. Kofefod, ɗan ƙaramin ƙwaron ruwa, ya ci dayatom, wani nau'in filankton mai ɓawo, ya yi kashi, ƙwayoyin bakteriya su warware, ƙarfen ya dawo ruwa cikin kwanaki, wani ya sake ɗauka. Kiril ma rumbun ƙarfe ne mai yawo. Kifin wel ya ci kiril, ya yi kashi mai ruwa-ruwa a saman teku inda haske yake, kuma ƙarfen da ke cikin kashin ya ninka na ruwan teku kusan sau miliyan 10. A ƙarni na 20 an kashe wel kusan miliyan 2 a kudancin duniya, shuɗin wel kaɗai ya haura 300,000. In akwai hamada, mafarauta ne suka yi ta.

Malam Na-Sakkwato: Hajiya, a yi hattara. Wel ba ya ƙirƙirar ƙarfe, juya wanda ke nan yake yi. Babbar ƙofar sabon ƙarfe ita ce hunturu. Iska da sanyi suna gauraya ruwa zuwa zurfin mita ɗari da wani abu, a wasu wurare ɗaruruwa, su kwaso ƙarfe daga ƙasa. Abin da aka tara a wannan lokaci shi ne jarin shekara. Bazara na shigowa, haske ya dawo, dayatom su cinye jarin cikin makonni, daga nan sai juyin da kike faɗa ya riƙe su. Inda gauraya ba ta kai zurfin da ƙarfe ya fara yawa ba, shekarar ta lalace tun kafin ta fara.

Maman Nana: Malam, da girmamawa, ba ku kawo adadin da ya nuna wel ba shi da tasiri ba.

Malam Na-Sakkwato: Ke ma ba ki kawo wanda ya nuna kulorofil ya ragu bayan farauta ba. Tauraron ɗan'adam na farko mai auna launin teku 1978 aka harba shi, bayan an riga an gama da manyan wel.

Mai Awo: Malam ya yi daidai. Kuma wanda bai san wahalar awon ƙarfe ba ne ke jefa adadi yadda ya ga dama. Jirgin ruwa kansa ƙarfe ne, wayar da ake saukar da kwalba ƙarfe ce, tsatsa ɗaya ta faɗa kwalba ta ninka sakamako sau goma. Shi ya sa awon da aka yi kafin ƙarshen shekarun 1970 ba a dogara da shi. Yanzu kwalba mai rufin Teflon ake amfani da ita, a kan igiyar Kevlar, a tace ruwan da matacin mikron 0.2 a ɗaki mai tatacciyar iska, a zuba asid har ma'aunin tsami ya sauka ƙasa da 2, sannan a auna. Kwalaben ajiya ma sai sun yi makonni a jiƙe cikin asid.

Baban Sadik: Jama'a, maganar takunkumi na kawo.

Ɗan Damagaram: Ka janye hamada tukuna.

Maman Nana: Ka dubi taswirar kulorofil ma ka gani. Gabas da tsibirin Kerguelen, arewa da Crozet, bayan Jojiya ta Kudu, duk shekara ruwan kore yake zama na tsawon ɗaruruwan kilomita, don igiyar ruwa na gogar laka da duwatsun gindin tsibiri ta ɗebo ƙarfe. Ƙanƙarar saman teku tana tara ƙarfe ninki 10 ko fiye na ruwan da ke ƙarƙashinta, in ta narke ta sake shi a bakin gaɓarta. Manyan tsaunukan ƙanƙara masu yawo suna barin sawu kore a bayansu. Narkewar ƙanƙarar Pine Island ta Antaktika na ciyar da tekun Amundsen. Hayaƙin gobarar dajin Ostareliya ta 2019 zuwa 2020 ma ya tayar da filankton a kudancin Fasifik.

Mai Awo: Wannan ai hujjar Baban Sadik kika kawo, Malama. Kore a inda ƙarfe ya zubo, fari a sauran wuri. Zango ne da rijiya a tsakiyar rairayi.

Maman Nana: Ɗazu kai ne ka ce tukunyar miya ce. Da ka ga ɗan fanninku zai sha kaye sai ka koma bayansa.

Malam Na-Sakkwato: Ku bar wannan. Ko maganin da yaron nan yake kira ba ya ci kullum. Yadda ake yi: a narkar da salfet na ƙarfe a ruwan teku mai asid, a haɗa da iskar SF6 don a gane inda facin ya nufa, a sake shi a bayan farfelar jirgi ana zagaye. Matsalar farko, ƙarfen yana tsatsa cikin ruwa mai iska, ya dunƙule ya nutse, sai wanda sinadaran da halittu ke fitarwa suka riƙe, kuma su ke riƙe da kusan kashi 99 cikin 100 na narkakken ƙarfen teku. Shi ya sa a gwajin SOIREE, Fabrairun 1999, sau huɗu aka zuba a fili mai murabba'in kilomita 50. Kulorofil ya ninka kusan sau shida cikin kwana 13, amma ba a ga kabon ya ƙaru wajen nutsewa ba. EIFEX ta 2004, da jirgin Polarstern, a cikin ruwa mai juyawa wanda ke da silika, sinadarin da ke cikin yashi, ta yi nasara: aƙalla rabin abin da ya tsiro ya nutse ƙasa da mita 1,000. LOHAFEX, ta Indiya da Jamus, tan 20 na salfet na ƙarfe a murabba'in kilomita 300, ta faɗa ruwan da silika ta ƙare. Dayatom ba sa gina ɓawonsu sai da silika, don haka ƙananan filankton marasa ɓawo suka tsiro, kofefod suka cinye su, kabon kaɗan ne ya sauka. A mashigin Drake kuma an samu inda manganis ne ya yi ƙaranci tare da ƙarfe.

Ɗan Damagaram: Arewa fa, Malam? Kun manta da Aktik.

Malam Na-Sakkwato: Can labari ne dabam. Kogunan Ob da Yenisei da Lena da faffaɗan gaɓar Siberiya suna kawo ƙarfe, naitiret ne ke fara ƙarewa. Sai a kudu da Aisland da tekun Irminger ake ganin ƙarancin ƙarfe bayan tsiron bazara.

Maman Nana: Bari in tattara, tunda dare ya yi. An yarda Tekun Kudu ba hamada ba ne. An yarda masu rai, kiril da wel da bakteriya, su ke riƙe da ƙarfen saman teku, kuma Malam da kansa ya tabbatar da juyin. An ga zuba ƙarfe bai yi aiki ba, LOHAFEX shaida ce. Abin da ya rage shi ne a kare wel da kiril su dawo yadda suke.

Baban Sadik: Malama, kin tsallake EIFEX, kin tsallake gaurayar hunturu, kuma ban janye komai ba. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Landan a 2013 ya biyo bayan tan 100 da wani kamfani ya zuba a gaɓar Haida Gwaii ta Kanada a 2012 ba tare da awon kirki ba. Laifin ɗan kasuwa aka ɗora wa masu bincike, kuma har yanzu babu wanda ya amsa mini wannan.