Ciwo ɗaya ne, to me ya sa na Yayata ya sha bamban da na wata?

Maman Ilham, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, dan Allah masu ilimin lafiya ku fitar da ni duhu. Yayata ta fara ne da mura mai naci, hanci a toshe kullum yana fidda jini, daga baya tari da jini, a wani asibiti aka ɗora ta kan maganin tibi wata 4 ba sauƙi sai ma ƙafafu da suka kumbura. Da muka je asibitin koyarwa na Shika ne aka tura jininta gwajin garkuwar jiki na ANCA aka ce baskulaitis ne, wato kumburin jijiyoyin jini, irin wanda ake kira GPA, har ya taɓa ƙoda. To a layin ganin likita mun haɗu da wata baiwar Allah ita ma GPA, shekara 6 tana fama amma ita hanci da kunne kawai, ƙwaya take sha tana zuwa kasuwarta, mu kuma ana ta ƙarin ruwan magani mai tsada. Hajiyarmu ta kafe wai ko dai an yi kuskure ko kuma jifa ne.

Nas ɗin Samaru:
Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya ba Yaya lafiya. Ba kuskure ba ne, haka ciwon yake. Garkuwar jiki ce ke juyowa tana kumbura ƙananan jijiyoyin jini, kin ga kuwa babu inda jijiya ba ta ratsa ba, shi ya sa wani a hanci da kunne zai tsaya, wani huhu, wani ido ko fata, wani ƙoda. Da can Wegener ake ce masa, a 2011 aka koma GPA. Wanda nasa bai taɓa manyan gaɓɓai ba akan iya riƙe shi da ƙwayoyin metotireksat da firednisolon, amma da zarar ƙoda ta shiga sai magani mai ƙarfi da akan bayar ta ƙarin ruwa, saikulofosfamaid ko rituksimab, don ita ƙoda shiru take lalacewa ba zafi, a fitsari ake kama ta. Batun tibi kuma hoton ƙirjin ne ke kama da juna sosai, ga tibi ya yi mana yawa a nan, dole shi za a fara zargi.

Abban Sadik, Sabon Gari:
Maman Ilham, ni mai ɗakina ce ke da ɗan'uwan ciwon, Takayasu, shi manyan jijiyoyi yake kamawa kuma ya fi samun mata matasa, hannunta na hagu ko bugun jini ba a ji, awon hawan jini kowane hannu da nasa. Abin da zan roƙe ku, kar ku yarda ta yanke firednisolon lokaci ɗaya don fuska ta kumbura ko don ta ji sauƙi, mu mun yi wannan gangancin wlh sai da muka kwana asibiti sati 2.

Nas ɗin Samaru:
Gaskiya ne Abban Sadik, likita ne ke rage shi a hankali. Kuma ciwon yana lafawa ya dawo, ko ita matar da kuka gani ana duba fitsarinta ne don nata ma zai iya sauya hanya. A yi addu'a da tofi, amma jiƙe-jiƙe da maganin ciwon jiki na kemis a bar su, ƙodar ba za ta ɗauka ba.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya ma aka kawo wata jarka daga ƙauye, yanzu zan je in ɗauke ta kafin Hajiya ta fara ba ta.