Itacen oak a giyar gida: nawa ake sawa, kwana nawa?

Sabon-hannu: 'Yan'uwa masu dafa giya a gida, ina da baƙar giya mai kauri, lita 19, ta gama tashi. Ina so in sa mata oak, itacen da ake yin gangunan giya da shi, amma kanti na da sassaƙe, da 'yan gutsattsari masu kusurwa huɗu, na Amurka da na Faransa. Wanne zan ɗauka?

Na-Ohayo: Ɗan'uwa, fara da siffar itacen kafin ƙasarsa. Sassaƙe siriri ne, giya na ratsa shi nan da nan: giram 15 zuwa 30 ya ishi lita 19, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu ya gama ba da abin da zai bayar. Ɗanɗanonsa sama-sama ne. Gutsattsarin kuwa wuta ba ta gasa su daidai daga waje zuwa ciki ba, shi ya sa suke sakin ƙamshi hawa-hawa. Giram 30 zuwa 55, wata ɗaya zuwa biyu. In ba sauri kake ba, su za ka ɗauka.

Mai-tulu: Na Amurka, wato farin oak, ya fi kaifi, ƙamshin banila da kwakwa ne ke fitowa. Na Faransa ya fi laushi a hanci, yana kai wa ga kanumfari, amma ya fi bauri. Na Hungari yana tsakaninsu. Baƙar giya mai ƙarfin kashi 8 cikin 100 ko fiye tana iya ɗaukar na Amurka mai matsakaicin gashi. Wanda aka gasa sosai yana ba da ɗacin kofi da hayaƙi, ita kuwa giyarka tana da wannan tun daga gasasshiyar sha'ir, sai abin ya yi yawa.

Yaya Babba: Ƙanena, lokacin sawa ya fi duk wannan. Kada ka zuba yayin da take kumfa, yisti yana sauya sinadarin banilar ya koma wani abu mai ƙarancin ƙamshi. Bari ta lafa. Kafin nan ka turara itacen minti 15, ko ka tafasa shi minti 10 ka zubar da ruwan farko. Ruwan nan jajir yake fitowa, kuma tanin ne a ciki, sinadarin da majema ke nema a bagaruwa. Shi ne ke ɗaure harshe in ya yi yawa. Ƙulla itacen a tafasasshen ƙyalle da 'yan ƙwallayen gilashi don ya nutse, ka bar zare a waje.

Na-Ohayo: Wasu kan jiƙa shi a wiskin bourbon mako biyu maimakon tafasawa. Ka ajiye ruwan jiƙon daban, ka riƙa ƙarawa cokali-cokali ranar ɗura kwalba.

Sabon-hannu: Yaya, in na wuce gona da iri fa?

Yaya Babba: Cire itacen, ka bar ta wata uku zuwa shida, baurin yana sauka. In bai sauka ba, gauraya ta da wata giyar da ba ta ga oak ba. Da sassaƙe ka ɗanɗana duk kwana uku, da gutsattsari duk mako, ka tsame shi da zarar ya ɗan zarce yadda kake so, don yana ja da baya a kwalba. Sai dai kowane buɗi iska ce ke shiga, iska kuwa na sa ta ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Ɗebo da tsaftataccen bututu ka rufe da sauri. Ɗaki mai zafi yana hanzarta komai, ka rage kwanakin.

Mai-tulu: Ban da katakon kafinta, sau da yawa an sa masa maganin gara. Ban da jan oak, ƙamshinsa ba daɗi. Itacen da ya taɓa shiga giya mai tsami kuma yana riƙe yistin daji a ramukansa. Masu kamfanin giyar Rodenbach a Beljiyam abin da suke so ke nan daga manyan gangunansu, amma a baƙar giyarka yistin zai ci gaba da cin sukari a cikin kwalba har ta cika da iska ta fashe. Ware wa irin wannan itacen tulunsa da bututunsa.