67 ko 73: kuskuren awo ne, ko lissafin ne ke da ɓaraka?

Malam Bashir: Jama'a, ni fa wannan cece-kucen kan saurin faɗaɗar sararin samaniya bai ɗaga min hankali ba. Na'urar Planck da aka harba sararin samaniya ta ba da 67.4, su Adam Riess, masanin taurari, suka ce 73. Kuskuren awo ne kawai. Edwin Hubble da kansa wajen 500 ya samu a 1929, balle tazarar shida.

Rabi: Malam, a bi da mu a hankali. 67 na mene ne?

Malam Bashir: Kilomita a sakan ɗaya, Rabi. Duk ƙarin nisan megafasek ɗaya, wato tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26, gudun da galaksi, wato babban tarin taurari, ke yi yana nisantar mu yakan ƙaru da kilomita 67 a sakan. Ko 73, in ka bi su Riess.

Injiniya Auwal: A gafarce ni Malam, ban yarda ba. Kuskuren da Planck ke ɗauka bai wuce 0.5 ba, na Riess wajen 1. Ko ta ina ka ja su ba sa haɗuwa. Kuma ba hanya ɗaya suka bi ba. Planck tsohon haske ta duba, wanda ya fito shekara 380,000 bayan farin halitta, sannan aka zuba shi a lissafin yadda sararin samaniya ke faɗaɗa aka ce ga yadda gudun ya kamata ya kasance yau. Riess kuwa yau ɗin ya auna: taurarin Sefid, waɗanda tsawon lokacin da haskensu ke ɗauka yana ƙaruwa yana raguwa ke nuna ainihin haskensu, kamar yadda Henrietta Leavitt ta gano, da haka ake sanin nisansu, daga nan ya taka zuwa fashewar taurari don auna abin da ya fi nisa. In duka biyun sun auna daidai, lissafin ne ke da ɓaraka.

Malam Bashir: Sefid ɗin nan dai? A 1952 Walter Baade ya nuna iri biyu ne aka cakuɗa, nisan galaksi ya ninka nan take. Mudun da aka taɓa kamawa da dukan gindi, ai dole a riƙa sa masa ido.

Injiniya Auwal: An sa. Zargin shi ne hasken taurarin maƙwabta na shiga awon. Madubin hangen nesa na James Webb ya sake duba su, ya fi madubin Hubble raba taurari, amma lambar ba ta sauko ba.

Hajiya Zulai: Auwal, kada ka yi saurin kai Malam ƙasa. Wendy Freedman ta Jami'ar Shikago ta yi amfani da tsofaffin jajayen taurari maimakon Sefid, ta samu 69.8 a 2019. Ita ma ba baƙuwa ba ce, ita ta jagoranci awon 2001 da ya ba da 72.

Rabi: To wa zai raba gardamar?

Injiniya Auwal: Wataƙila girgizar sararin samaniya da karon taurari ke aikowa. An gwada da na 2017, aka samu wajen 70, sai dai kuskurensa ya kai 10, ya haɗiye ɓangarorin biyu. Sai an tara irinsa da yawa.

Malam Bashir: To a tara. Kafin nan ina kan bakana.